Inda Fuskar Tanko Take Kallo

Duk wanda ya zo koyon aiki wurina, ba wuƙa nake fara ba shi ba, ba kuma burushi ba. Fensir nake miƙa masa in ce ya zana mini kibiya a kusurwar allo, ya rubuta arewa a kanta. Ina ganin yadda kuke kallon juna in na faɗi haka, kamar tsoho ya rasa abin yi. A wurinku aikin nan wasan yara ne: a kwaɓa garin katako da sitaci, a tara tudu, a shafa koren fenti, a ce ga dutse ga kogi. Ɗayanku ma ya ce mini kwamfuta za ta gama shi kafin shayi ya huce. To ku samu wuri ku zauna. Yau ba na jin ɗaga guduma, gara in gaya muku inda kibiyar nan ta taɓa kai ni.

Ɗaliban jami'a modal suke ce wa abin da muke yi. Maigidana, Oga Etim, ginin taswira yake ce masa, kuma shi ya fi su gaskiya. Mutumin Kalaba ne, tsohon kafintan jirgin ƙasa, shagonsa na bayan 'yan katako a Sabon Gari. Mahaifina ya kai ni wurinsa don in koyi yin gado da kujera, sai ya lura hannuna ya fi zama a kan ƙaramin aiki, ya janye ni daga zarto ya zaunar da ni gaban taswira. Mutum ne mai faɗa, Hausarsa rabi da rabi, amma in ya tsaga kwali da reza sai ka rantse inji ne ya yanka.

Aikin farko da ya bar ni na yi ni kaɗai na wata makarantar firamare ne, taswirar gundumarsu da rafi da tsaunuka. Na kwafe zanen a takarda mai shara-shara, wajen ɗorawa a allo na kifa ta ban sani ba. Na gina abina ya yi kyau, rafin da ke yamma ya koma gabas. Oga Etim ya zo ya duba. Ya ɗauki allon ya fita da shi tsakar rana, ya kafa ƙusa a tsakiya, ya ce in tsaya nan sai inuwar ƙusar ta gaya mini laifina. Na tsaya har ƙeyata ta soma zafi. Da la'asar ya fito yana goge hannu, ya ce, "Idi, where north dey? Fenti yana ƙarya, takarda yana ƙarya, rana ba ya ƙarya. Ka fara da arewa, sannan ka taɓa laka." Tun daga ranar ban sake ɗora komai a allo ba sai da kibiya a kansa.

Shi aikin, ga wanda bai sani ba, daga layukan da ke cikin taswira ake fara shi, waɗanda ke nuna tsayin ƙasa. Kowane layi za ka yanka masa kwalinsa, ka jera su wani kan wani kamar matakala, ka manne da gam. Sannan ka dama sitacin rogo da kauri, ka zuba garin katako wanda ka tankaɗe, ka bi matakalar kana cikewa da ɗan yatsa har ƙasa ta fito da kamanninta. In ka yi gaggawa ka shanya a rana, ya tsage. In damina ce ka bar shi a ɗaki, ya yi fumfuna. In ka manta ba ka ɗiga kananzir a cikin sitacin ba, ɓeraye su cinye maka tsauni guda kafin ka farga. Na taɓa ganin Oga Etim yana bin ɓera da guduma saboda ya ci masa rabin Filato.

Da ya tsufa ya koma garinsu, sai na ɗauki kayan na dawo Samaru, kusa da masu saye. 'Yan zanen gidaje suna kawo aikinsu na fita, 'yan aikin gona suna son gangaren da za a tare ruwa, malaman firamare suna son duniya mai juyawa, wadda nake naɗa tsofaffin jaridu a jikin tulu in yi musu. Wani lokaci hafsoshin soja su aiko a gina musu fili da tsaunuka na koyarwa. Ɗalibi kuwa halinsa ɗaya ne tun da can har yau. Zai sha yawonsa zango guda, sai ana jibi za a duba aiki ya faɗo shago yana haki, "Baba please, ka taimaka, wallahi supervisor zai kashe ni." In ce masa sitaci bai san supervisor ba, sai ya ga dama yake bushewa.

Shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aikin nan, farkon shekarun dubu biyu, ita ce shekarar da ta fi kowace muni a wurina. Samaru ta mutu murus. Masu abinci sun kife tukwane, masu buga takardu sun rufe, 'yan acaɓa suna kwance a kan baburansu a inuwa. Kafin nan ma aikin ya fara ja da baya, don yara sun soma zana gidajensu a kwamfuta. Na koma gyaran kujeru da ƙafar benci. Gam ɗina ya daskare a gwangwani, na yi niyyar sayar da allunan da suka rage ga mai kaji ya yi akurki.

A cikin wannan hali ne wata safiya tasi ta tsaya a ƙofar shago. Wata dattijuwa ta fito, ta haura sittin, da mayafinta da carbi a wuyan hannu. Ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar ta kamo hannun wani tsoho dogo, wanda tsufa ya ranƙwafar amma bai karya ba. Ya sa tsohuwar kwat, da ɗan gicciye na ƙarfe a wuyansa, idanunsa duka biyu fari fat. Ita ce ta yi sallama. Ta ce sunanta Hajiya Mairo, tana sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, wannan kuwa Baba Kofur Bitrus ne, aminin mahaifinta. Na ba su benci.

Tsohon ya ce, "Kai ne mai gina duwatsu?"

Na ce, "Ni ne, Baba, ƙanana dai."

"Ƙarami nake so. Babban na riga na hau shi."

Hajiya ta yi mini bayani a taƙaice. Mahaifinta, Tanko, magini ne a cikin birni. An ɗauke shi soja lokacin yaƙin duniya na biyu, tana cikin ciki, aka kai su ƙasar Habasha, bai dawo ba. Baba Bitrus ne ya dawo da labarin, kuma tun daga nan bai rabu da gidansu ba. Shi ya kai ta makaranta, shi ya tsaya a bayan waliyyinta ranar ɗaurin aurenta. Ko a shekarun nan da mutane suka riƙa tashi daga unguwa zuwa unguwa saboda addini, tuwon sallarta bai fasa zuwa gidansa ba, shinkafar Kirsimetinsa ba ta fasa zuwa nata ba.

Ta ce, "Komai ya gaya mini, Malam. Yadda yake dariya, abin da yake so a miya. Abu ɗaya ne ya hana ni. In na ce, Baba, an binne shi? Ya ce an binne. In na ce, yadda ake binne Musulmi? Sai ya tashi ya ba ni wuri. Tun ina yarinya haka muke."

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Ya ce, "Likita ya ce zuciyan ya gaji. Ba na so in tafi da maganan nan a ciki. Amma bakina ya ƙi faɗi. Na gwada a coci, na gwada a ɗaki, ya ƙi. Sai na ce watakila in hannuna ya taɓa wurin, bakin zai buɗe."

Na tambaye shi sunan wurin. Ya ce Turawa suna da sunan da suke kira, ya ɓace masa, su dai Ƙofa suke cewa. Babu taswira, babu hoto. Ya ce dutse ne babba, abokan gaba a sama, su a ƙasa, suka hau suka karɓe. Na ce ya ba ni mako biyu.

A nan na yi aikin mutumin Zariya. Mu da muka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, in aka ce dutse, Kufena ne ke zuwa mana a rai: ƙato guda ɗaya a tsakiyar fili, mai santsi, mai ƙusumbi. In kuma aka ce an yi yaƙi a kan dutse, sai mu ɗauka wanda ya riga hawa ƙololuwa shi ya ci. Haka na gina. Na tara tudu guda, na bi shi da samfefa har ya yi sumul, na yi masa fenti ruwan toka da kore a gindi, na kafa 'yar tuta a sama. Rabon da in yi aiki mai kyau irinsa an daɗe, kuma ina ta jin daɗin kaina.

Da suka dawo na ɗora hannunsa a kai. Ya shafa daga gindi zuwa sama, ya taɓa tutar, ya sauko ta ɗaya gefen. Ya daɗe yana lalube, kamar mai neman ƙofa a jikin bango. Sannan ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Ina hanyan?"

Na ce, "Wace hanya, Baba?"

"Ɗana, wa zai mutu saboda kan dutse? Me ake shukawa a can? Hanya muka je karɓa. Wannan ai tuwo ka kwashe mini a faranti."

Hajiya ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa kunya ta rufe ni, domin sai a lokacin na ga fentin da na ɓata kwanaki ina haɗawa ba shi da wani amfani ga mutumin da zai karanta aikin da yatsa. Ku riƙe wannan. Kafin ka fara aiki, ka san da me mai shi zai duba.

Washegari na je bakin rafi na ɗebo yumɓu cike da baro. Na shimfiɗa sabon allo a kan tebur, na zaunar da shi a gabansa, na naɗe masa hannun kwat. Na ce wannan karon shi zai gina, ni hannu kawai zan ara masa. Kafin mu taɓa laka na yi masa tambayar Oga Etim.

"Baba, ranar da kuka tunkari Ƙofar, ta ina rana take fitowa?"

Bai yi wani tunani ba ya ce, "Ta bayanmu. Da safe inuwanmu tana riga mu gaba. Da yamma kuwa rana tana cikin idonmu, su suna ganinmu tas, mu ba ma ganinsu."

Ke nan daga gabas suka zo, suna fuskantar yamma, arewa tana hannunsu na dama. Na zana kibiyata a kusurwa, muka fara.

Mun yi kwanaki muna wannan aiki, Hajiya tana kawo shi da hantsi ta zauna a gefe da carbinta. Abin da ya fito daga hannunsa bai yi kama da komai da na taɓa ginawa ba. Fili ne shimfiɗe ta gabas, babu itace babu maɓoya. Sai dogon bangon duwatsu ya gitta daga kudu zuwa arewa. A wuri ɗaya tak bangon ya sunkuya, hanya ta kutsa ta ciki tana lanƙwasa, dutse a hagu dutse a dama, duka biyun suna leƙen ta. Ya ce duk motocin rundunar, da abinci da igwa da marasa lafiya, sai ta wannan maƙogwaro za su wuce, in ba haka ba su zauna a fili ƙishirwa ta gama da su. Shi bai taɓa ganin wurin daga sama ba, yadda mu masu taswira muke gani. A kan cikinsa ya san shi. Sai ya ce, "A nan gwiwana ya goge," in ƙara tsini. Ya ce, "A nan mutum zai iya ɗaga kai," in danna rami da babban yatsa. In na gyara wuri ya yi santsi, ya bugi hannuna ya ce in mayar masa da kaushinsa. Na koma ina cusa tsakuwa da fasasshen kasko a cikin yumɓun.

Da dutsen dama ya kammala, sai bakin ya soma buɗewa da kansa. Ya kafa yatsa biyu a gindinsa, ya soma tafiya da su.

Ya ce bayan azahar aka ce su hau. Shi ke riƙe da babbar bindiga, Tanko ke ɗauke masa da akwatin harsashi. Tun daga jirgin ruwa suke tare, kwano ɗaya, bargo ɗaya. Tanko yana ce masa ɗan mishan, shi kuma yana ce wa Tanko sarkin laka. Duk inda suka yada zango Tanko zai duba inda rana ta fito ya shimfiɗa buhu ya yi sallarsa, Bitrus yana tsare masa kaya. Ana ta luguden igwa daga sama, duwatsu suna farfashewa, ɓarɓashin dutse ya fi harsashi yi musu ɓarna. Ciyawa ta kama wuta a gefe guda. Suna hawa da hannu da gwiwa, wanda ya miƙe tsaye bai ƙara miƙewa ba.

Yatsunsa suka tsaya a bakin wani fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, da ya sa na lallaɓa masa tun jiya, shi kaɗai ne wurin da ya yarda ya yi santsi.

Ya ce, "Nan. Ba shi da faɗi, bai fi daga nan zuwa bakin titi ba. Amma bindigan da ke dutsen hagu tana kallonsa. Na ruga na tsallake. Na juyo na ce, Tanko, jefo akwatin ka tsaya. Ya ce, in na jefa ya gangara, da me za ka yi harbi, da addu'a? Sai ya rungumo shi ya taso."

Akwatin ya iso, ya ce, don Tanko ya tura shi da hannu bayan harsashi ya kayar da shi. Bitrus ya yi harbi da shi har rana ta faɗi. Bai samu komawa kan fan ba sai da gari ya waye, lokacin da suka ga babu kowa a saman duwatsun, abokan gaba sun janye. A ƙasa motoci har sun fara shiga Ƙofar, direbobi suna busa ƙaho. An ci yaƙi.

Hajiya ta daina jan carbi. Duk wannan ta san shi, amma ba ta taɓa ganin wurin ba. Ta matso da kujerarta jikin tebur.

Ya ce Saje ya ba shi ɗan lokaci kafin a ci gaba, aka ce masu binnewa suna tafe a baya, amma shi ya ji kukan kuraye a wurin, bai yarda ya bar shi ba. Ya sa banati, wuƙar bakin bindiga, ya soki ƙasa, ko'ina dutse. Ya ja gawar yana nema, har ya samu wata tsaga a gindin bangon dutsen dama, ta gefen hanya, doguwa, mai ɗan yashi a ciki, daidai tsawon mutum.

"Ba ni wuƙa," ya ce.

Na sa masa a hannu. Ya lalubi gindin bangon, sama da fan kaɗan, ya tsaga yumɓun da kansa. Tsagar ta bi tsawon hanya, daga gabas zuwa yamma. Ya ajiye wuƙar.

Ya ce, "Mairo."

"Na'am, Baba."

"Ubanki ya sa na yi masa alkawari tun a jirgi. Ya ce, kai ɗan mishan ne, ba ka iya wanka ba, ba ka iya salla ba, ban ɗora maka ba. Amma ai ka san gabas. In na riga ka, ka kwantar da ni a hannun dama, ka juya fuskana gabas. Na ce wannan ai mai sauƙi ne."

Ya kwantar da ɗan ƙaramin yatsansa a cikin tsagar, a kan gefensa, kan yatsan yana wajen da suka fito.

"Ramin ya ƙi, Mairo. Na juya shi, na sake juyawa. In na ba shi hannun dama, fuskan sai ta kalli bango. Faɗin wurin bai isa in gitta shi ba. Na haƙa da banati har ya karye. Rana tana fitowa ina kallonta, ta saman kansa take fitowa, ba ta gabansa ba. Saje yana ta kira. Na zuba masa sauran ruwan gorana a fuska, na jera duwatsu, na tafi. Abu ɗaya ya roƙe ni a duniya. Na bar ubanki yana kallon bango."

Hawaye suna fita daga fararen idanun nan, bai share ba. Hajiya ta kama ɗaya hannun nasa da hannu biyu. Ta ce, "Baba, Allah ya ga niyyarka. Wallahi ban riƙe ka ba." Amma na ga abin ya soke ta, don shi ne abin da ta yi shekara sittin tana tsoron ji.

Ni ina tsaye a kansu, tausayi ya cika ni, na rasa inda zan sa idona. Sai ya sauka inda ya saba sauka, a kusurwar allo. Na dubi kibiya, na dubi yatsan tsohon. Farcen, wato bayan Tanko, yana wajen hanya, cikin yatsan, wato fuskarsa, yana wajen bango. Bangon kuwa yana daidai inda kibiyata take nunawa.

Na ce, "Baba, kada ka ɗaga yatsan nan. Kansa yana wajen fitowar rana?"

"Na gaya maka."

"A hannun dama ka kwantar da shi? Ka tabbata?"

Ya ce da ɗan zafi, "Abin da nake gani kullum in na rufe ido, shi kake tambayana?"

Na shiga ciki na sauko da wata duniya da na yi wa wata makaranta ba su zo sun karɓa ba. Na kakkaɓe ta na ajiye a kan cinyarsa. Na kafa ƙaramar ƙusa a Zariya, na kafa ɗaya a Makka, na ɗaura zare tsakaninsu, na ɗora yatsansa.

Na ce, "Wannan mu ne. Bi zaren. Ka ji ya tafi gefe, wajen fitowar rana? Shi ya sa muke kallon gabas."

Na kafa ta uku a gabashin Habasha, na ja wani zaren zuwa Makka.

"Wannan kuma ku ne. Bi shi."

Yatsan ya tashi daga ƙusar, ya miƙe sama. Ya dawo, ya sake bi. Ya sake.

Ya ce, "Wannan ai ba gefe ya tafi ba."

"Ba gefe ba ne, Baba. Kun yi tafiya har kun wuce ta ƙarƙashin Makka ba ku sani ba. A ƙasar nan, alƙibla arewa take. Bangon da ka ce yana kallo, Ka'aba tana bayansa. Da ramin ya bar ka ka juya shi gabas, da ka kawar masa da fuska."

Hajiya ta karɓi duniyar ta duba da idonta, ta bi zaren da farce, ta ce, "Allahu akbar," a hankali, kamar mai tsoron tada wani daga barci. Tsohon ya juya wajen allon. Sannan ya mayar da hannunsa kan tsagar, ya shafa ta.

Ya ce, "Sarkin laka. Ashe kai ka zaɓi ramin."

Ban zuba wannan aikin a garin katako ba, yadda aka saba. Na bar shi a yumɓunsa, da shatin yatsunsa a jiki, na shanya a inuwa a hankali, na shafe shi da gam don kada ya tsage. Ban sa masa fenti ko ɗigo ba. Tsagar kuwa Hajiya ce ta rufe ta. Na tsinto mata ƙananan tsakuwa, tana ɗauka ɗaya ɗaya tana jerawa tana addu'a, Baba Bitrus yana gaya mata inda manyan suke da inda ƙananan suke.

Ranar da ya bushe na ɗauko shi a bayan a-kori-kura zuwa gidanta a Hanwa. Ta share wani tebur a ɗakinta, kusa da inda take salla, tsohon yana zaune a bakin gado. Na fito da kamfas ɗina, na juya allon har kibiya ta daidaita da arewa, yadda nake yi wa kowane aiki in na kai shi. Na ce to, ya zauna daidai.

Hajiya ta tsaya tana kallo. Ta dubi tsagar, ta dubi dardumarta. Sai ta kama allon ta kusurwa biyu ta soma juya shi, tebur yana ƙara, har kibiyar ta koma tana nuna inda dardumar take nunawa.

Baba Bitrus ya ji ƙarar ya ce, "Me kike yi, Mairo?"

Ta ce, "Can kai ka daidaita shi, Baba. Nan kuma ya zo gida, ni zan juya shi."

Na buɗe baki zan yi magana, na tuna Oga Etim da ƙusarsa a tsakar rana, sai na mayar da kamfas aljihu. Baba Bitrus bai ga damina ta gaba ba. Allon yana nan a ɗakin har yau, kuma a duk aikin da na yi a rayuwata shi kaɗai ne kibiyar arewarsa take kallon gabas. Wanda ya je ya gani a cikinku, kada ya kuskura ya gyara.

To, ga fensir. Wa zai fara?